Matakalar Dutsen Sukur: Hanyar da Cinikin Ƙarfe Ya Shimfiɗa

Sukur gari ne da ke kan duwatsun Mandara, a Ƙaramar Hukumar Madagali ta Jihar Adamawa, dab da iyakar Nijeriya da Kamaru. Tsayin tudun ya haura mita 1,000, kuma mota ba ta kaiwa samansa. Duk mai son ganin fadar Hidi, wato sarkin Sukur, sai ya bar abin hawansa a gindin dutse ya taka sayyada. Mai matsakaicin ƙarfi, in ya yi sammako, yakan kai sama cikin sa'a ɗaya zuwa biyu, ya zaga gari, ya sauko kafin la'asar. Abin da ya bambanta wannan hawa da na sauran duwatsun yankin shi ne hanyar kanta: an shimfiɗe ta da faffaɗan duwatsu, inda gangare ya yi tsanani kuma aka jera su hawa-hawa kamar matakalar bene.

Manyan hanyoyin da aka shimfiɗe suna tasowa daga arewa da gabas, suna nufar unguwar fada. A bakin mutanen Sukur, waɗanda ke kiran kansu Sakun, akwai almarar da ke cewa wasu ƙattai ne suka yi aikin ginin dutsen. Masu binciken tarihi kuwa suna danganta shi da aikin gayya na zamanin da garin ke da dukiya da faɗa a ji. Dabarar a fili take ga wanda ya taɓa ganin damina a kan dutse. Ruwa yana kwararowa da ƙarfi, ya zaizaye turbar ƙasa cikin 'yan shekaru, amma dutsen da aka dasa da kyau ba ya gushewa. Shimfiɗar ta sa mai ɗauke da kaya a ka, da dabba, suna iya hawa rani da damina.

Dukiyar da ta sa aka yi wannan wahala ƙarfe ce. Daga wajen ƙarni na 17, zamanin da gidan sarautar Dur ya kafu, Sukur ta zama cibiyar narkar da tama. A zamanin, ana tace baƙin yashi mai tama daga ƙoramu, a ƙona itace a sami gawayi, a hura murhun yumɓu da zugazugi har ƙarfe ya taru. A wurare da yawa na yankin narka tama aikin maƙera ne kaɗai, amma a Sukur manoma ma suna yi da rani, bayan an kai amfanin gona rumbu. Ana ƙera ƙarfen ya zama sanduna da fartanya, kuma sandunan sun yi aiki a matsayin kuɗi, har a wajen biyan dukiyar aure. Fatake daga filayen Borno sukan hau dutsen su sayi ƙarfe a kasuwar garin. A 1851, lokacin da matafiyi Heinrich Barth ke kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Yola, ya ji labarin ƙarfin sarkin Sukur ya rubuta, ko da yake bai hau dutsen ba.

Mai hawa a yau yana ratsa gonakin da aka tare da jerin duwatsu, bene-bene, don kada ruwa ya kwashe ƙasa. A kansu ake noman dawa da gero da wake. A cikin gidaje akwai rumbuna, da wuraren sussuka, da ramukan da aka gina da dutse inda ake turke bijimi a yi ta kiwata shi har lokacin biki. A wasu wurare ana ganin kufan murhunan tama. Can sama sai fadar Hidi, katafaren gida mai katangun dutse da aka jera ba tare da siminti ba, da ƙofofi, da farfajiyar da ake zaman shari'a da bukukuwa.

Faɗuwar garin ta zo a farkon ƙarni na 20. Hamman Yaji, mai mulkin Madagali, ya yi ta kai hare-hare a kan mutanen duwatsu yana kama bayi. Littafin da ya sa aka riƙa rubuta masa al'amuransa na yau da kullum, daga 1912 zuwa 1927, ya ambaci Sukur cikin wuraren da ya tura mayaƙansa. Turawan Ingila sun kama shi a 1927, amma ɓarnar ta riga ta auku. Abin da hari ya rage, kasuwa ta ƙarasa: ƙarfen Turai da tarkacen motoci suka cika kasuwanni da araha, zuwa shekarun 1960 wutar murhunan Sukur ta mutu. Jama'a da dama suka sauko suka zauna a fili. Yankin, wanda ya kasance a hannun Jamus sannan Ingila, ya shiga Nijeriya bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961.

A shekarun 1990 masana biyu, Nicholas David da Judith Sterner, sun zauna a garin suna nazarin tarihinsa da al'adunsa. A 1999 hukumar UNESCO ta sanya Sukur cikin jerin wuraren tarihi na duniya, wuri na farko a Nijeriya da ya sami wannan matsayi. Daga nan ɗalibai da masu yawon buɗe ido suka fara bin tsohuwar hanyar fatake, 'yan gari na yi musu jagora.

A 2014 mayaƙan Boko Haram suka mamaye garuruwan Madagali da Gulak, a ƙarshen shekarar kuma suka kai hari Sukur, suka ƙona gidaje da rumbuna da wani sashe na fada. Abin takaici ne ƙwarai, domin ya shafi mutanen da suka riƙe wannan gado da hannunsu shekaru aru-aru. Jinka da itace sun ƙone, amma katangu da matakalar sun tsaya. Mutanen gari sun koma sun sake rufe ɗakunansu, kuma har yau ta kan waɗannan duwatsu ake sauka kasuwa da safe a hau da yamma.