Gardamar Aflatun da Aristo Kan Mata da Mulki

Ƙasar Yunan, wadda yanzu a ke kira Girka, tana kudu maso gabashin Turai, a bakin Bahar Rum. A zamanin da ba sarki guda ke mulkinta ba, kowane birni da dokokinsa. Wanda ya fi suna a cikin biranen shi ne Atina, domin can ne talaka da attajiri su ke haɗuwa a dandali guda, su yi shawara a kan yaƙi da haraji, su ɗaga hannu, abin da ya fi rinjaye shi za a bi. Amma wannan taro na maza 'ya'yan gari ne kaɗai. Bawa ba ya shiga, baƙo ba ya shiga, mace kuwa ko ubanta ne shugaban yaƙi ba ta da murya a wurin.

Macen Atina tun daga haihuwa har mutuwa tana ƙarƙashin waliyyi, uba ko miji ko ɗa. A kan aurar da ita tana kimanin shekara 14 ko 15 ga mutum mai kamar shekara 30. Doka ta hana ta ƙulla cinikin da ya wuce kuɗin awo guda na sha'ir, abin da bai kai buhu ba. In uba ya mutu bai bar ɗa namiji ba, sai mafi kusa daga dangin uban ya auri 'yar, don kada dukiya ta fita daga gidan. An ruwaito cewa Firikilis, babban shugabansu, ya yi wa matan da mazansu suka mutu a yaƙi huɗuba a shekara ta 431 kafin haihuwar Annabi Isa, ya nuna musu cewa darajar mace ita ce kada maza su riƙa ambatonta, ko da yabo ne.

To, a cikin wannan gari aka haifi Aflatun, wanda Turawa ke kira Plato, wajen shekara ta 427 kafin haihuwar Annabi Isa. Almajirin Sukuratu ne, malamin nan da mutanen Atina suka yanke wa hukuncin kisa a shekara ta 399 ta wannan lissafi. Kisan ya sa Aflatun ya yanke ƙauna daga mulkin garinsu, ya zauna yana tunanin yadda birni mai adalci ya kamata ya kasance. Ya rubuta wannan tunani a littafin da a ke kira Jamhuriya, ya sa maganar a bakin malaminsa. Ya kasa mutanen birnin kashi uku: masu mulki, da mayaƙa masu tsaro, da sauran jama'a manoma da masu sana'a. A kashi na biyar na littafin ya zo da maganar da shi kansa ya san za a yi mata dariya, watau mata su shiga cikin mayaƙa da masu mulki.

Ya fara da misalin karnuka masu gadin garke, kuma kada mai karatu ya ɗauka zagi ne, gama da karnukan ya kwatanta mazan ma. Ya tambaya, shin makiyayi ya kan bar karya a gida don tana haihuwa, ya fita da kare kaɗai? Ba ya yin haka, duka biyu su ke gadi, su ke farauta. In kuwa aiki guda a ke so su yi, lalle a ba su horo iri guda. Saboda haka 'yan mata su koyi karatu da kiɗa da wasannin motsa jiki da hawan doki da riƙon makami, kamar yadda samari ke koyo.

Aka ce masa, ai kai ne ka kafa cewa kowa ya yi aikin da ya dace da halittarsa, ga shi kuwa halittar mace dabam, ta namiji dabam. A nan ne ya ba da amsar da ta fi kome ƙarfi a cikin zancen. Ya ce mai sanƙo da mai suma su ma sun bambanta, to, in masu sanƙo suna dukanci sai a hana masu suma ɗinkin takalma? Ba kowane bambanci ne ya shafi kowane aiki ba. Abin da ya raba mace da namiji shi ne ita ke ɗaukar ciki ta haihu. Wanda ya ce wannan ya hana ta mulki, shi ke da nauyin nuna inda haihuwa ta taɓa hankalin shari'a ko na tsaron gari. A ganinsa baiwa a warwatse ta ke cikin jinsin biyu: akwai mace mai basirar magani da wadda ba ta da ita, akwai jaruma da matsoraciya, kamar dai maza. Da ya gama bayanin masu hikimar da za su hau mulki bayan sun kai shekara 50, sai ya ƙara tunasarwa cewa zancen ya haɗa da mata.

Amma fa kada a ba Aflatun rigar da ba tasa ba. Bai yi maganar haƙƙin mata ba, amfanin birni ya ke nema, yana ganin asara ce a bar rabin jama'a a zaune. Ya kuma riƙe cewa in an haɗa jimla maza sun fi mata ƙarfi a kusan kowane aiki, ko da ya ke mata da yawa sun fi maza da yawa. Matan manoma da na masu sana'a bai kula da su ba sam. Abin da ya fi muni shi ne kuɗin da ya sa wa wannan daidaito. Masu tsaro ba su da gida, ba su da dukiya, ba su da aure na dindindin. Hukuma ce za ta haɗa mace da namiji ta hanyar ƙuri'a, alhali kuwa a ɓoye shugabanni sun riga sun shirya wanda zai sami wa. Jariri kuwa da an haife shi sai a kai shi gidan reno, uwa ba ta san nata ba. A littafinsa na ƙarshe, mai suna Dokoki, ya sassauta, ya mai da aure da iyali, amma bai saki batun horon 'yan mata ba, ya kuma yarda mace ta riƙe muƙami daga shekara 40.

Wanda ya tashi ya rushe wannan gini almajirinsa ne, Aristo, wanda aka haifa a shekara ta 384, ya yi shekara 20 a makarantar Aflatun, daga baya ya koyar da Iskandari mai cin ƙasashe. A littafinsa na Siyasa ya ce abin da ya ke na kowa shi ne ba ya samun mai kula. Yaron da ke da uba dubu, kowane uba zai bar wa ɗan'uwansa. Ƙauna irin wannan kamar ɗan zaƙi ne da aka zuba cikin ruwa mai yawa, ba a jin ɗanɗanonsa. Duk wanda ya taɓa ganin yadda rijiyar unguwa ke lalacewa, ta gidan mutum kuwa tana nan da murfinta, ya san Aristo ya faɗi gaskiya a nan. Ya kuma ce misalin karnuka bai zauna ba, domin dabba ba ta da gidan da za ta riƙe.

Sai dai da ya zo kan ainihin tambayar, hujjarsa ta yi rauni. Ya ce namiji bisa halitta shi ke shugabanci. Bawa, in ji shi, ba shi da ikon yin shawara, yaro nasa bai nuna ba, mace kuwa tana da shi amma ba shi da zartarwa. Bai bayyana ko rashin zartarwar daga halitta ya ke ba, ko kuwa daga dokar Atina da ta rufe mata baki. Ya kawo misalin Isbarta, birnin da 'yan mata ke tsere da kokawa, inda ya ce wajen kashi biyu cikin biyar na ƙasar noma na hannun mata, ya ɗora musu laifin lalacewar garin. Bai dai taɓa amsa maganar mai sanƙo da mai suma ba.

A aikace ra'ayin Aristo ne ya yi rinjaye, babu birnin Yunan da ya gwada tsarin Aflatun. An dai ruwaito cewa mata biyu sun yi karatu a makarantarsa, Aksiyotiya da Lasteniya, ta farkon ma da tufafin maza ta ke zuwa. Matan Girka ba su sami ikon jefa ƙuri'a a zaɓen majalisar ƙasa ba sai a 1952.

Maganar ta sake tasowa a wurin da ba a zata ba, a birnin Kurɗuba na Andalus. Alƙali Ibn Rushdi, wanda malaman Malikiyya suka sani da littafin Bidayatul Mujtahid, an haife shi a 1126, ya rasu a Marrakush a 1198. Ya yi sharhin littattafan Aristo masu yawa, amma na Siyasa bai zo hannunsa ba, sai ya yi sharhin Jamhuriya a maimakonsa. Da ya iso kan batun mata ya goyi bayan Aflatun, ya juya ya dubi biranen zamaninsa. Ya ce ba a san iyakar basirar mata a cikinsu ba, domin an tsare su ga haihuwa da reno da hidimar miji, kuma zamansu nauyi a kan maza yana cikin dalilan talaucin biranen. Asalin Larabcin wannan sharhi ya ɓace. Abin da ya tsira fassarar Ibrananci ce, wadda wani malamin Yahudawa ya yi a kudancin Faransa wajen shekara ta 1320.