Me Ya Sa Ba Mu Da Miyar Cuku?

Wani abokin aikina ɗan ƙasar Suwizalan, wanda muke rubuta manhaja tare ta intanet, ya taɓa tambaya ta yadda muke yin miyar cuku a garinmu, tunda ya ji tamu ƙasar shanu ce. Na ce masa ba ma yi. Ya ce don me? Na yi shiru. A Talata Mafara na tashi, kakata kuma 'yar Bakura ce, ban taɓa ganin an jefa cuku a tukunya ba, alhali ƙwaryar nono ba ta yankewa a tsakar gidanmu.

Da na bi diddigi, sai na ga cuku abincin masu nisa ne. Madara ba ta kwana lafiya, don haka duk inda makiyayi ya yi nesa da mai saye, ko sanyi ya hana kiwo na watanni, dole a daskarar da ita. Daga nan miya take biyowa. Mutanen tsaunukan tsakiyar Faransa suna jera busasshen burodi da cuku a kasko, su zuba romon albasa ko kabeji. A gaɓar tekun Kolombiya ana dafa doya har ta narke, a saka cuku mai gishiri. A Indiya kuwa miyar alayyahu ake jefa shi.

Maƙwabtanmu ma haka suka yi. Buzaye da Fulanin Nijar suna shanya cuku falle-falle har ya bushe ƙayau. Ayarin gishiri mai zuwa Fachi da Bilma yana guzuri da shi, a daka shi da gero da dabino, a dama da ruwa. A kudu, Fulanin Borgu ba su bi wannan hanya ba saboda laima: a arewacin Binin da ƙasar Kwara suna ɗiga ruwan tumfafiya a madara mai ɗumi, ta dunƙule ta zama wara, ko wagashi. Shi ba ya narkewa a wuta, shi ya sa ake soya shi a saka a miyar tumatir maimakon nama. A Binin har rina shi ake yi da karan dafi, kuma ya daɗe da zama abin sayarwa a zangunan Gana.

Mu kuwa a bakin Gulbin Sakkwato ba mu da wannan larura. Da rani Fulani suna gangarowa fadama, shanu su ci karan da aka bari bayan girbi, su bar wa manomi taki. Abin da aka tatsa jiya, yau da hantsi Bafulatana ta kawo shi ƙofar gida a ƙafa. Geron namu ne, nonon nata, a haɗu a ƙwarya ɗaya. Wanda ruga take bayan gonarsa me zai yi da cuku?

Da na faɗa wa abokin nan nawa haka, sai ya ba ni labarin da ake koya musu. A 1529 dakarun Katolika da na Furotesta suka yi sahu a Kappel za su gwabza. Ana cikin sulhu, wani ɓangare ya kawo madara, ɗayan ya kawo burodi, suka ci a tukunya guda, aka watse a wannan karon ba a zubar da jini ba. Na ce masa ai mu kullum muke yin wannan, sunansa fura da nono.

Sai dai zaman ya soma sauyawa tun kafin a haife ni. Tsakanin 1974 da 1978 aka gina madatsar ruwa ta Bakolori a ƙasar Maradun. Ruwa ya ci gonaki da garuruwa, ambaliyar da ke jiƙa fadamun ƙasa ta ragu, noman rani ya shiga inda shanu suka saba sauka. A Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe wuta kan manoman da ke neman diyya, aka kashe mutane da dama. Ƙasa ta yi wa kowa kaɗan. Daga baya satar shanu da garkuwa da mutane suka zo, suka cinye manomi da makiyayi tare. A 2021 gwamnati ta rufe kasuwannin mako-mako a Zamfara, aka kuma katse layukan waya. Ni aikina ya tsaya, na koma Kano. Mai tallar nono ba ta da inda za ta koma.

Yau da yawa daga abin da ake dama fura da shi a gari garin madara ne na buhu. Cukun da ya shiga tukunyarmu kuwa na waken suya ne: awara, wadda ta ari sunan wara, ake daskarar da ita da ruwan tsami, ta zama naman talaka a miya. Ashe dai mun samu miyar cuku, amma babu saniya a cikinta.

Kakata ta san sunan matar da ke kawo mata nono, da sunayen 'ya'yanta, har biki suke zuwa wa juna. Na tambayi ƙanwata kwanan baya daga ina nonon gidanta yake zuwa. Ta ce daga shago.