Ƙananan halittu masu amfani a noman da ba ya buƙatar ƙasa

A yankin Westland na ƙasar Holan, galibin tumatir da kokwamba da tattasai da ake nomawa cikin gidajen gilashi ba sa taɓa ƙasa. Ana dasa su ne a kan wata irin auduga da ake yi da narkakken dutse, ko a kan zaren ɓawon kwakwa, sannan a riƙa ɗiga musu ruwa mai ɗauke da taki.

Wani masani a Jami'ar California ta Amurka, William Gericke, shi ne ya yayata sunan wannan noma na haidirofonik a shekarar 1937. An daɗe ana ganin cewa babbar fa'idarsa ita ce raba shuka da cututtukan da ke cikin ƙasa.

To amma cutar ba ta gushe ba. Akwai wata ƙwaya mai kama da funfuna da ake kira Pythium, wadda 'ya'yanta ke iyo cikin ruwa, tana ruɓar da saiwa. Da yake ruwa ɗaya ne ke zagaya dukkan shukokin, idan ta shiga wuri guda sai ta game gonar, kuma inda aka tsabtace komai ƙal ba ta samun abokin hamayya.

A shekarar 2000, wata mai bincike a Wageningen, Joeke Postma, da abokan aikinta sun nuna cewa audugar dutsen da aka riga aka yi noma a kanta ta fi kare kokwamba daga wannan cuta. Da suka kashe ƙananan halittun da ke cikinta, sai kariyar ta ɓace, da suka mayar da su kuma ta dawo.

Wannan ne dalilin da ya sa manoma da dama ke zuba irin waɗannan halittu da gangan. Daga cikin waɗanda suka fi shahara akwai funfunar Trichoderma, musamman nau'in T-22 da aka samar a Jami'ar Cornell. Takan lulluɓe saiwa ta hana cuta wurin zama, har ma takan far wa wasu funfunan ta cinye su. Bakteriyar Bacillus kuwa tana fitar da sinadarai masu hana cutar yaɗuwa, kuma tana jure ajiya, abin da ya sa 'yan kasuwa ke sonta. Ita kuma Pseudomonas kwashe sinadarin ƙarfen da ke kewaye da saiwa take yi, ta bar abokiyar gabarta da yunwa.

Inda ake haɗa kiwon kifi da noman ganye, aikin ma ba ya yiwuwa sai da bakteriya, domin su ne ke juya ammoniyar da kifi ke fitarwa, wadda guba ce gare shi, zuwa naitiret ɗin da shuka ke sha.

Sai dai kuma lamarin ba ya rasa cikas. Manomin da ke tsabtace ruwansa da sinadarin kulorin ko haidirojin feroksaid yana kashe aboki tare da maƙiyi ne, don haka dole ya lura da lokacin da zai zuba kowanne. Funfunar maikoraiza, wadda ta yi suna a gonakin ƙasa, ba ta cika kama saiwa ba idan fosfaros ya yi yawa a ruwa, kamar yadda ya saba yi a wannan noma. Haka nan kuma waɗannan halittu rigakafi ne: da wuya su ceto shukar da saiwarta ta riga ta ruɓe, musamman idan ruwan ya yi ɗumi iskar oksijin ta ragu.

Doka ma tana tafiyar hawainiya. Dokar takin zamani ta Tarayyar Turai da ta soma aiki a watan Yulin 2022 ta fara ne da amincewa da rukuni huɗu kacal a matsayin masu ƙara wa shuka kuzari: Azotobacter, Rhizobium, Azospirillum da maikoraiza. Wanda duk ke son sayar da Trichoderma ko Bacillus a matsayin maganin cuta sai ya bi ta hanyar rajistar magungunan shuka, wadda kan ɗauki shekaru.