Lasisin Tuƙi da Dokokin Hanya a Jihohin Amurka

Bayar da lasisin tuƙi a Amurka hurumi ne na jihohi. Kowace ɗaya daga jihohi 50, haɗe da Gundumar Columbia inda birnin Washington yake, tana da kundin dokokin hanya nata da hukumar da ke jarraba direbobinta. Tushen wannan tsari shi ne gyara na goma da aka yi wa kundin tsarin mulkin ƙasar a 1791, wanda ya bar wa jihohi da jama'a duk ikon da ba a miƙa wa gwamnatin tarayya ba. Da mota ta shigo, sai kowace jiha ta fuskance ta a lokacin da ta ga ya dace. A 1901 Connecticut ta ƙayyade gudun mota, mil 12 a sa'a cikin gari, mil 15 a bayan gari. A wannan shekarar New York ta wajabta rajistar motoci, masu motar kuma su ke haɗa lambarsu da haruffan farko na sunayensu. Massachusetts da Missouri ne suka fara wajabta lasisi a 1903, Rhode Island ta ƙara da jarrabawa a 1908. South Dakota ce ta ƙarshe, a 1954, wato shekara 51 bayan jihohin farko.

Mai neman lasisi kan bi ta gwaji uku: na ido, na rubutu kan alamomin hanya da dokoki, sai na tuƙi tare da jami'in hukuma a kujerar gefe. Jami'in yana lura da abubuwan da ake ɗauka ƙanana ne, kamar ko tayoyi sun tsaya cik a gaban jan allon tsayawa, da ko direba ya waiga ta kafaɗa kafin ya sauya layi. Ga matasa akwai tsarin lasisi mai matakai, wanda Florida ta fara aiwatarwa a 1996, sauran jihohi suka bi sawu. Matakin farko takardar koyo ce, wadda ba ta halatta tuƙi sai da babba mai lasisi a gefe. Na biyu yana ba matashi damar tuƙi shi kaɗai, amma a yawancin jihohi an taƙaita masa tuƙin dare da yawan abokan da zai ɗauka a mota. Hikimar wannan mataki a fili take, domin dare da hayaniyar abokai suna cikin abubuwan da suka fi jefa sabon direba cikin haɗari. Bayan haka ne ake ba da cikakken lasisi.

Bambancin da ke tsakanin jihohi ba kaɗan ba ne. A South Dakota ɗan shekara 14 yana iya karɓar takardar koyo, abin da ya dace da yankin gonaki masu nisa da juna, alhali a New Jersey sai ya cika 16, kuma ba zai tuƙa shi kaɗai ba sai yana da 17. Hukumar lasisi da aka fi sani da DMV, a Michigan da Illinois ofishin sakataren jiha ne ke riƙe da aikinta. New York ta fara wajabta ɗaura bel a 1984, amma New Hampshire ba ta tilasta wa manya ɗaura shi. A wani yanki na babbar hanya mai lamba 130 a Texas an halatta gudun mil 85 a sa'a, mafi yawa a ƙasar. Akwai kuma inda jihohi suka haɗu: idan motar makaranta mai ruwan ɗorawa ta tsaya, ta kunna jajayen fitilu, ta miƙo allon tsayawa daga gefenta, wajibi ne motocin da ke bayanta su dakata har yara su gama hawa ko sauka.

Gwamnatin tarayya tana shigowa ne ta hanyar kuɗin gina tituna. A 1974 ta ɗora iyakar gudun mil 55 a sa'a, da sharaɗin jihar da ta ƙi za ta rasa tallafi, har aka soke dokar a 1995. Da irin wannan matsin aka mayar da shekarun sayen barasa 21 bayan wata doka ta 1984, aka kuma daidaita ma'aunin barasa a jinin direba a kan kashi 0.08 cikin ɗari. Utah ta ƙara tsanantawa, ta sauko da nata zuwa 0.05 a ƙarshen 2018. Direbobin manyan motoci kuwa, wata doka ta 1986 ta gindaya musu ƙa'idoji iri ɗaya a duk faɗin ƙasar, ta kuma haramta musu riƙe lasisi fiye da ɗaya.

Darajar katin lasisi ta wuce tuƙi. Da yake Amurka ba ta da katin shaidar ɗan ƙasa na dole, lasisin ne ake nunawa a banki da filin jirgin sama. Wata doka ta 1993 ta ba da damar yin rajistar zaɓe a wajen karɓar lasisi, kuma a nan ne mutane da yawa ke bayyana amincewarsu a ba da sassan jikinsu ga marasa lafiya bayan rasuwa. Bayan hare-haren 11 ga Satumba 2001, majalisar dokokin ƙasar ta zartar da dokar REAL ID a 2005, wadda ta tsaurara tantance takardun mai nema. An ɗage fara aiki da ita sau da dama, sai ranar 7 ga Mayu 2025 aka soma neman lasisin da ya cika ƙa'idojinta, wanda akasari ke ɗauke da tauraro a samansa, ga masu shiga jirgi a cikin gida.