Baƙon da Ke Dawowa: Daga Jaridar Kwabo zuwa Allon Waya

Ni ɗan Morai ne, a ƙaramar hukumar Talata Mafara, kuma kamar sauran yaran yankinmu na tashi ina auna mako da ranar kasuwa. Duk Talata motoci kan taru daga Bakura da Maradun da ƙauyukan da ke shan ruwan dam ɗin Bakolori, a sauke shinkafa da gero da albasa, a yi ciniki, a watse. Da na koyi ƙera shafin intanet, sai na ga babu abin da ya fi dacewa in ɗora a kai irin farashin wannan kasuwa. Na ƙawata shafin da hotunan dam, na sa rubutu mai yawo, na zuba launi kamar zanen amarya. Sannan na kai wa kawuna, wanda ya tsufa a fataucin hatsi, ina jiran yabo.

Ya riƙe wayar yana kallon hoto na sauka layi-layi, har data ɗinsa ta ƙare farashi bai bayyana ba. Ya miƙo mini, ya ce, "Yaro, ni kuɗin gero nika nema, ba hoton ruwa ba." Bai sake buɗe shafin ba. Wannan kunya ce ta sa na koma baya ina tambaya: waɗanda suka fara rubuta wa Bahaushe abin karantawa da boko, da me suka riƙe shi?

Tambayar ta kai ni Zariya. A watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Malam Abubakar Imam yana edita, Dokta Rupert East yana kula da ofishin talifi. Sunan jaridar kansa ciniki ne da mai karatu: ga abin da za ka biya, ga abin da za ka samu, kuma ribar tana wajenka. Da farko wata-wata take fitowa, saboda haka dole kowace fitowa ta bar wa mutum dalilin jiran ta gaba. Imam ya rubuta Hausar da za a iya karantawa da ƙarfi a dandali, domin mai karatu ɗaya yakan tara masu sauraro da yawa waɗanda ba su san boko ba. Ya kuma buɗe fili ga wasiƙun masu karatu, mutum ya ga sunan garinsu a takarda, ya ji jaridar tasa ce. Ban yi mamakin wannan gwaninta ba da na tuna cewa a littafi na farko na Magana Jari Ce aikin aku ke nan, ya riƙe ɗan sarki da labari kowane dare don kada ya fita. Sai dai aku da dabara ya riƙe Musa, jarida kuwa ba ta da ƙofar da za ta rufe. Wanda ya ba da kwabonsa bai ga amfani ba, wata mai zuwa goro zai saya.

A waɗannan shekaru ne kuma haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, suka zauna a rubutun Hausa. Ga mai kallo daga nesa ƙaramin abu ne, amma shi ke raba ƙafa da kafa, da ƙasa da kasa. Abin da maɗaba'ar Zariya ta warware tun kafin a haifi iyayenmu, kwamfuta ta zo ta sake ɗaure shi. Shafin intanet na farko ya fito a 1991 daga hannun Tim Berners-Lee a cibiyar CERN, kuma injinan wancan zamani da haruffan Turawa aka gina su. Shekaru da dama shafukan Hausa ko dai su zubar da lanƙwasar, ko su nuna ɗan akwati a gurbin harafi. Na sha ganin shafi ya rubuta yana maraba da "baki", alhali baƙi yake nufi. Mai karatu yakan gane, gaskiya ne, amma kowace irin wannan kalma tuntuɓe ce, kuma ba wanda ke son hanyar da ke fasa masa yatsa. Sai da tsarin Unicode ya game wayoyi, madannai masu haruffanmu suka samu, sannan uzurin ya ƙare.

Yawancin mutanen yankinmu ba ta kwamfuta suka shiga intanet ba. Wayar salula ta iso Nijeriya a 2001, shekara biyar bayan kafa jihar Zamfara, kuma ta ƙananan wayoyi masu maɓalli muka fara leƙa duniya, da manhajar Opera Mini wadda ke matse shafi ya yi sauƙi kafin ya iso hannu. Shafukan da suka kama zukatanmu a lokacin su ne marasa nauyi. Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara watsa shirye-shirye ta rediyo a 1957, ya zo intanet da amanar da ya tara a kunnen iyayenmu: kanun labarai a sama, gajeren bayani, da murya ga wanda karatu ke yi wa nauyi. Facebook ma ya sa Hausa cikin harsunansa a 2016. A ganina ba don ƙaunar harshen ba ne kawai. Sun lura cewa mutum ya fi daɗewa a inda ake yi masa magana da bakin gidansu.

Da wannan na rushe shafina na sake gini. Na cire hotuna duka. Na sa farashi a layin farko, da ma'aunin da ake ciniki da shi, tiya da buhu, ba kilo ba. Na rubuta ranar da aka ɗauko kowane farashi, domin tsohon farashi ya fi rashin farashi cutarwa: yana iya sa manomi ya ɗauko kaya daga Bakura ya sayar da asara. Na ɗaure wa kaina cewa kowace Talata kafin la'asar sabo zai hau, ko ina da lafiya ko babu. Na gwada shi a tsohuwar waya, a bayan gari inda sabis ke da sanda ɗaya. Sannu a hankali na fara jin ana ambatonsa a rumfunan hatsi.

Sai ga Satumban 2021. Saboda ta'adin 'yan bindiga gwamnatin Bello Matawalle ta dakatar da kasuwannin mako, kuma daga ranar 3 ga watan hukumar sadarwa ta ƙasa ta sa aka katse layukan waya a faɗin jihar. Babu kasuwa, babu sabis. Masu hali sukan yi tafiya har Sakkwato ko Funtuwa don su kira 'yan'uwa. An mayar wa Gusau da layi a farkon Oktoba, mu kuwa muka ƙara jiran makonni. Na ɗauka shafin ya mutu, domin al'adar da aka yanke wa jijiya tsawon wannan lokaci ba kasafai take farfaɗowa ba.

Ranar da sabis ya dawo ban ko tuna da shafin ba, ina ta kiran dangi. Da magariba kawu ya aiko yaro ya kira ni. Na same shi kan tabarma, gilashi a hanci, wayar a hannu, shafin a buɗe da farashin ƙarshen Agusta. Ya nuna mini kwanan watan da yatsa, ya ce, "Wanga ya tsufa. Yaushe za ka sa sabo?"