MAZAGI

mazagi (mázáagíi) sn., nj., jm. mazagai (màzàagái).

1. Igiyar zare ko siririn ƙyalle da ake zurawa cikin ƙubaka, a ja, a ɗaure don riƙe wando a ƙugu. Mai kyau saƙaƙƙe ne. Na ragowar yadi saurin tsinkewa gare shi. Mis.: Tela ya ba ni wando ba mazagi. Kan mazagin ya shige ƙubaka, sai da aka maƙala masa fil aka zaro shi. A harshen Gwandu da Kalgo, jihar Kebbi: Mazagi nai ya tsinke tsakak kasuwa. Ɗamre mazagi ka tahi gona.

2. Irin wannan igiya a bakin jaka, buje ko gajeren wando. Mis.: Tsuke mazagin jakar, kada kuɗi su zube.

Lura: bel ba mazagi ba ne; haka kuma 'yan ƙyallayen da ake ɗinkawa a ƙugun wandon bature, bel ya bi ta cikinsu, ba ƙubaka ba ne.

Tushe: zaga (fi.). Dangi: zagaye, zagayo, zagayawa.

Dubi: zariya, mazargi, ƙubaka.