Daga Ƙahon Wanzami zuwa Na'urar Gashi

Wanda duk ya taɓa shiga wani zaure a Bande, garin nan da ke bisa hanyar Magarya zuwa Damagaram, ya tarar da dattijon da jiya ya yini yana huɗa yau an jingine shi da bango, baki ya karkace, hannu ya saki kamar tsumma, harshe ya yi nauyi har sallama ta gagare shi, to, ya san shanyewar ɓarin jiki ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Mutanen da, da yake ciwon kan faɗo farat ɗaya ba tare da rauni a zahiri ba, sai suka jingina shi ga iska, kamar yadda suka kira shanyewar ƙafar yara shan-inna. Saboda haka aka raba jinya tsakanin malami mai rubutu da tofi, da boka mai turare, da wanzami mai ƙaho da tsaga, wanda shi ne kuma madogarar mai ciwon baya da sanyin ƙashi.

Amma tabiban Musulunci sun riga sun ba lalurar suna, domin Ibn Sina, a cikin littafinsa Alƙanun wanda ya kammala a 1025, ya yi bayanin sakta da falij, ya kuma danganta su da ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Hujjar ido ta zo a 1658, sa'ad da Johann Wepfer, wani likita na ƙasar Suwis, ya binciki gawarwakin waɗanda ciwon ya kashe, ya iske jini ya tsinke a cikin kawunansu. Daga nan aka fahimci illar iri biyu ce, ko dai jijiya ta fashe ko kuwa gudan jini ya toshe ta, sai dai rarrabe su ga mai rai bai sauƙaƙa ba sai 1971, lokacin da aka fara ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa a Landan da na'urar Godfrey Hounsfield, wadda muke kira sikana. Fa'idarta babba ce, gama maganin da ke narkar da gudan jini, wanda Amurka ta halatta a 1996, halaka ne ga wanda jijiyarsa ta fashe, kuma amfaninsa bai wuce sa'o'i huɗu da rabi na farko ba.

Sha'anin zogi mai daɗewa kuwa, tarihinsa ya fi ban mamaki. A ƙarni na farko na Miladiyya wani tabibin Rum, Scribonius Largus, yakan ɗora wa mai ciwon kai kifin teku mai jan lantarki, irin halin minjiryar da masuntanmu suka sani, alhali bai san dalilin sauƙin ba. Dalilin ya bayyana a 1965, yayin da wasu masana biyu, Melzack da Wall, suka nuna cewa a cikin laka akwai wata kamar ƙofa, wadda saƙon shafa ke iya rufe ta ga saƙon zafi. Abin da ya sa ke nan wanda ya yi tuntuɓe yake murza yatsa. Bisa wannan ƙa'ida aka ƙera ƴar na'ura mai batir da ake manna wayoyinta a fata, ta riƙa tsikarar jijiya a hankali. Da wannan hikima ta iso ƙauyukanmu kafin tramol, ƙwayar da aka fitar a Jamus a 1977 don majinyata ta kuma ɓuge a faifan ƴan talla, la'alla da an tsirar da samari masu yawa.

Ilimin gashi da motsa gaɓoɓi, wanda a Nijar ake ce wa kine, ya bunƙasa ne wajen jinyar sojojin Yaƙin Duniya na Farko da yaran da shan-inna ta nakasa, ya shigo Najeriya a 1945, sa'an nan asibitin ƙashi na Dala da aka kafa a Kano a 1959 ya kusanto da shi ƙasar Hausa. A yau a Turai da Japan har mutum-mutumin ƙarfe ake ɗaura wa majinyaci ya koya masa taku, amma asirin duka ɗaya ne: ƙwaƙwalwa tana iya buɗe sabuwar hanya in an nace da maimaici, har madubi ma, in aka sa shi ya nuna lafiyayyen hannu a gurbin matacce, yakan taimaka.

Mutumin Bande, wanda kafin a ɗora shi a amalanke, a sami mota, a isa babban asibitin Damagaram, sa'o'in nan huɗu da rabi galibi sun shuɗe, rabonsa a wannan dogon tarihi abu biyu ne masu araha: awon hawan jini a likitar garinsu tun ciwo bai kayar da shi ba, da kuma, in ƙaddara ta riga fata, ɗiyar da za ta zauna gabansa safe da yamma tana miƙe masa yatsu ɗai-ɗai, har ranar da zai riƙe ludayin fura da hannunsa.